Maria Montessori: Likitar da ta fara koyarwa da yaran da aka yanke wa ƙauna

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano, Kaduna, Jos ko Abuja ba zai rasa ganin allon wata makarantar kuɗi mai ɗauke da sunan Montessori ba. Sunan ya zama kamar tambarin tsada: ƙananan kujeru masu launi, kayan wasa a jere, da kuɗin zango mai sa magidanci ya dafe kai. Kaɗan ne daga cikin iyayen da ke biyan kuɗin suka san cewa sunan wata likita ce 'yar ƙasar Italiya, wadda ta rasu tun 1952, kuma ɗalibanta na farko yara ne da aka kwaso daga gidan mahaukata da waɗanda makarantun birnin Roma suka ce kansu ba ya ja.

Irin yaran nan ne da a ajujuwanmu ake kira daƙiƙai, a tura su bencin baya, su yi ta maimaita aji har su gaji su daina zuwa. A wurinsu Maria Montessori ta koyi kusan duk abin da daga baya ya yi mata suna a duniya.

Yarinyar da ta so zama injiniya

An haife ta ranar 31 ga Agusta, 1870 a Chiaravalle, wani ƙaramin gari kusa da Ancona, a shekarar da Roma ta shiga cikin haɗaɗɗiyar ƙasar Italiya. Mahaifinta, Alessandro Montessori, ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren kuɗi, mutum mai ra'ayin mazan jiya. Mahaifiyarta kuwa, Renilde Stoppani, mace ce mai son karatu, kuma ita ta tsaya wa 'yarta a duk lokacin da uban ya ja baya. Aiki ya kai iyalin Florence a 1873, sannan Roma a 1875.

A firamare Maria ba ta yi wani fice ba. Takardun yabon da ta samu na ladabi ne da na aikin hannu irin na mata. Tana shekara 13 ta zaɓi makarantar koyon fasaha, inda kusan duk ɗaliban maza ne, da niyyar zama injiniya. Ta gama a 1890 da shaidar lissafi da kimiyya, sai kuma ta sauya ra'ayi ta ce likita take so ta zama.

Farfesan da ta fara tunkara da maganar a Jami'ar Roma, Guido Baccelli, ya yi ƙoƙarin kashe mata gwiwa. Sai ta biyo ta bayan gida. Ta yi shekara biyu tana karatun kimiyyar halittu, ta samu shaidar da ta ba ta damar shiga sashen likitanci a 1893. A lokacin ana ganin abin kunya ne mace ta tsaya tare da maza a gaban gawa tsirara, don haka aka ware mata lokacin feɗe gawa ita kaɗai, bayan kowa ya tashi. Ta kammala a 1896.

Sau da yawa za ka ji an ce ita ce mace ta farko da ta zama likita a Italiya. Ba haka ba ne. Ernestina Paper ta riga ta, tun 1877 a Florence. Amma tana cikin 'yan ƙalilan na farko, kuma a shekarar da ta gama aka tura ta Berlin ta wakilci matan ƙasarta a taron neman haƙƙin mata, inda ta yi magana a kan biyan mace daidai da namiji idan aikinsu ɗaya.

Gutsattsarin burodi a ƙasa

A 1897 ta fara aikin sa-kai a sashen masu taɓin hankali na asibitin jami'ar. Cikin aikinta har da zagaya gidajen mahaukata na birnin don zaɓo marasa lafiyar da za a duba. A nan ta tarar da yara.

A zamanin ba a rarrabe lalurori kamar yanzu. Ma'aunin basira na farko, wanda Alfred Binet ya ƙirƙira a Faransa, sai a 1905 ya fito. Yaro mai farfaɗiya, da wanda yunwa ta tsumburar, da wanda ya makara bai yi magana ba, da wanda aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, duk suna ɗaya ake ba su, kuma wanda iyayensa suka rasa yadda za su yi da shi yana iya ƙarewa a gida ɗaya da manya masu hauka tuburan.

Abokin aikinta kuma marubucin tarihinta, E. M. Standing, ya ruwaito cewa wata rana an kai ta wani ɗaki da aka tara irin yaran nan. Matar da ke kula da su ta nuna ƙyamarsu a fili, tana kukan cewa da zarar sun gama cin abinci sai su zube ƙasa suna tsintar gutsattsarin burodi. A wurinta wannan haɗama ce. Montessori ta dubi ɗakin ta ga babu komai a ciki, ko tsinke babu wanda yaro zai riƙa. Sai ta fahimci cewa gutsattsarin nan su ne kaɗai abin da hannun yaran ke samu ya taɓa, ya murza, ya juya. Yunwar da ke damunsu ta wuce ta ciki.

Wannan ya tura ta ɗakin karatu, inda ta ci karo da likitoci biyu Faransawa da duniya ta kusa mantawa da su. Na farko Jean Itard, wanda a farkon shekarun 1800 ya ɗauki wani yaro da aka kamo a dajin Aveyron yana rayuwa kamar dabba, ya sa masa suna Victor, ya shafe kusan shekara biyar yana koya masa. Victor bai taɓa iya magana sosai ba, amma ya koyi gane haruffa da wasu kalmomi, kuma Itard ya rubuta kowane mataki, har da inda ya gaza. Na biyu almajirinsa ne, Edouard Seguin, wanda ya buɗe makarantar masu naƙasar ƙwaƙwalwa a Paris, ya wallafa littafi a 1846, daga baya ya yi hijira zuwa Amurka. Ra'ayin Seguin shi ne a fara da jiki kafin ƙwaƙwalwa: a horar da hannu, da ido, da kunne, mataki-mataki, daga abin da yaro zai iya taɓawa zuwa abin da sai dai ya hango a zuci.

A 1898 aka yi babban taron malaman makaranta na ƙasa a Turin. Montessori, tana shekara 28, ta tsaya gaban malamai ta ce matsalar waɗannan yara ta fi kusa da aji a kan asibiti, kuma al'ummar da ta yi watsi da su tana renon waɗanda gobe za ta cika gidajen yari da su. Ta nemi a buɗe musu ajujuwa na musamman, a kuma horar da malaman da za su koyar da su. Ministan ilimi na lokacin ya nemi ta gabatar da laccoci ga malaman Roma a kan batun. Ministan kuwa shi ne Guido Baccelli, wanda shekara takwas baya ya so ya hana ta shiga likitanci.

Shekara biyu a aji

A 1900 wata ƙungiyar kare yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa ta buɗe makarantar horar da malamai a Roma, mai ɗauke da ajin gwaji a cikinta. Aka naɗa Montessori da wani likita, Giuseppe Montesano, su jagorance ta. Malamai 64 suka shiga a rukunin farko.

Ita ba ta da shaidar malanta, kuma ba ta zauna a ofis ba. Bisa bayaninta, tana cikin yaran daga ƙarfe 8 na safe zuwa 7 na yamma, da dare kuma ta zauna rubuta abin da ta gani da gyara kayan aikin gobe. Ta je London da Paris ta ga yadda ake yi. A asibitin Bicetre na Paris ta tarar da kayan koyarwar Seguin, ana amfani da su kamar yadda ake bin takardar magani, ba tare da malaman sun damu da dalilin kowane abu ba. Ta dawo da yaƙinin cewa kayan aiki kaɗai ba sa koyar da yaro idan malamin ya riga ya yanke hukuncin cewa yaron ba zai iya ba.

Abin da ya fi amfani ga malamin yau a tarihinta yana cikin waɗannan shekaru biyu, don haka ya kamata a ɗan tsaya a kai.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 11 da aka yi ta fama a koya mata ɗinki ta kasa, alhali hannunta lafiya lau. Maimakon a ci gaba da maimaita mata abin da ta kasa, Montessori ta ajiye allura ta ba ta saƙar tabarmar takarda, inda ake cusa zirin takarda sama da ƙasa, sama da ƙasa. Motsin hannun iri ɗaya ne da na ɗinki, sai dai ya fi girma kuma ya fi sauƙi. Da yarinyar ta ƙware, aka mayar mata da allura, sai ga ta tana ɗinki. Darasin da likitar ta ɗauka shi ne, idan yaro ya kasa wani aiki, a nemo ɓangaren da ke ba shi wuya, a koya masa shi ta wata hanya dabam, sannan a dawo.

Ta ɗauki wannan ta kai kan rubutu. A makarantun lokacin yaro yana fara rubutu ne da cika shafuka da tsayayyun layuka, abin da har yau ake yi a ajin reno da dama. Ita ta ga wannan wahala ce da ba ta da amfani. Ta sa aka sassaƙa mata haruffan katako masu kyau, wasula ja, baƙaƙe shuɗi. Yaro zai bi siffar harafin da yatsa, sau da yawa, yana jin sautinsa daga bakin malama, har hannun ya haddace hanyar tun bai riƙe alli ba. Ido na gani, kunne na ji, hannu na bi. Idan ɗaya ya yi rauni, sauran biyun su tallafa.

Daga Seguin ta ɗauko darasi mai hawa uku, wanda kowane malami zai iya gwadawa gobe da safe ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Da farko malami ya nuna abu biyu kacal, a ce dogon kara da gajere, ya faɗi sunan kowanne a taƙaice, ba dogon bayani. Na biyu ya nemi yaron ya miƙo masa dogon, ko ya ɗora gajeren a tebur. A nan yaron bai buƙatar buɗe baki, nunawa kawai zai yi, kuma a wannan hawa ake daɗewa. Sai a na uku ne malami zai ɗaga abu ya nemi yaron ya faɗi sunansa. Idan yaron ya kuskure, ba tsawa, ba ma gyara. Malami ya tattara kayan cikin fara'a ya bari sai wani lokaci, domin kuskuren na nuna cewa yaron bai shirya ba tukuna. Mai karatu zai lura cewa yawancin ajujuwanmu daga hawa na farko suke tsallakawa zuwa na uku, sannan bulala ta cike gurbin na biyun.

Sauran kayan duk a kan wannan tunani aka gina su. Kowane abu siffa ɗaya yake koyarwa: idan tsawo ake nufi, launi da kauri ba za su bambanta ba, don kada hankalin yaron ya rabu. Akwai firam ɗin katako da aka ɗaura wa ƙyalle mai maɓallai ko igiyar takalmi, don yaro ya koyi sa tufafi da kansa. Akwai guntayen katako masu siffar gwangwani da ake zurawa a ramukan da suka dace da su, ta yadda idan yaro ya saka ɗaya a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe zai ga ɗaya ya rage a hannunsa. Kayan ne ke gaya masa ya yi kuskure, ba sai wani babba ya kunyata shi ba.

Sai aka kai wasu daga cikin yaran suka zauna jarrabawar karatu da rubutu ta gwamnati tare da yaran makarantun gari. Suka ci. Jama'a suka ɗauki abin kamar mu'ujiza, manyan jami'an gwamnati suka riƙa zuwa kallo. Ita kuwa wani tunani ne ya dame ta: idan yaran da aka fito da su daga gidan mahaukata za su iya kamo masu cikakkiyar lafiya, to me ake yi wa masu lafiyar a makaranta da ya danne su haka?

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Ba duk yaran ne suka ci jarrabawa ba, wasu ne daga ciki. Kuma idan aka tuna yadda ake tara yara barkatai a ƙarƙashin suna ɗaya, akwai alamar cewa wasunsu tun asali ba su da wata naƙasa, talauci da rashin kulawa ne suka dakushe su. Wannan bai rage darajar aikin ba. Ya ma ƙara nuna yawan yaran da ake yi wa hukuncin daƙiƙanci bisa zalunci.

Ɗan da ta ɓoye

A 1901, ana tsakiyar yabonta, ta ajiye aikin. Akwai dalilin ilimi, akwai kuma na zuciya. Ita da Montesano sun yi soyayya, har ta haifi ɗa namiji, Mario, ranar 31 ga Maris, 1898, ba tare da aure ba. A Italiyar wancan zamani wannan ya isa ya rusa mace da aikinta, aure kuma yana nufin ta ajiye likitanci. Aka kai jaririn ƙauye wurin wasu mutane suka rene shi. Tana ziyartarsa, bai san ko ita wace ce ba. Da Montesano ya auri wata, sai ta bar makarantar da suka gina tare.

Matar da duniya za ta sani da kiran a saurari yaro ta yi shekara goma sha huɗu ba ta rayu da nata ba. Sai bayan rasuwar mahaifiyarta a ƙarshen 1912 ta ɗauko shi, kuma ta daɗe tana gabatar da shi ga jama'a a matsayin ɗan 'yan uwa ko ɗan riƙo. Daga baya shi ya zama na hannun damanta har ƙarshen rayuwarta.

Ta koma jami'a a 1902 ta karanci falsafa da ilimin halayyar ɗan Adam. A wannan lokaci ne ta zauna ta fassara littattafan Itard da Seguin zuwa Italiyanci, tana kwafe su da hannunta shafi bayan shafi, don kowace kalma ta zauna mata.

Gidan Yara na San Lorenzo

Damar gwada tambayarta ta zo ne ta hanyar da ba ta da alaƙa da ilimi. Wani kamfanin gidaje ƙarƙashin Edoardo Talamo ya gyara wasu benayen haya a San Lorenzo, unguwar talakawa a Roma. Iyaye na fita aiki tun safe, ƙananan yara na yini suna ɓata bango da matakala. Kamfanin ya lissafa ya ga tara yaran a ɗaki ɗaya da mai kula da su ya fi araha a kan fenti. Aka nemi Montessori ta duba lamarin.

Ranar 6 ga Janairu, 1907 aka buɗe Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, da yara 50 zuwa 60, mafi yawa tsakanin shekara uku da shida. Malamar farko 'yar maigadin gidan ce, ba ta da horon koyarwa, abin da Montessori ta ɗauka a matsayin alheri tunda babu tsohuwar ɗabi'ar da za a kankare. Ta kawo kayan da ta yi amfani da su a wurin masu naƙasa, ta zauna tana kallo.

Bambancin da ta gani shi ne, yaran farko sai an lallashe su kafin su taɓa kayan, waɗannan kuwa da kansu suke ɗauka, su yi ta maimaitawa. Ta ba da labarin wata 'yar shekara uku da ta yi ta zura guntayen katakon nan a ramukansu tana fitarwa sama da sau 40. Aka sa sauran yara waƙa, aka ɗaga ta da kujerarta aka ɗora a tebur, ba ta ko ɗago kai ba. Daga irin wannan kallo aka cire manyan bencina aka kawo ƙananan kujerun da yaro zai iya ɗauka, aka sauke kabad ƙasa, aka bar yara su zaɓi aikinsu, su share ɗaki, su raba abinci. Kyauta da horo duk aka ajiye su.

Kuɗin sassaƙa haruffan katako babu a San Lorenzo, sai ta yanka haruffan daga sanfefa irin ta kafintoci ta manna a kwali. Rashin kuɗin ya zama gyara, domin kaushin takardar na sa yatsa ya ji daidai inda ya kauce. Kafin ƙarshen 1907 yara 'yan shekara huɗu da biyar, 'ya'yan iyayen da yawancinsu ba su iya karatu ba, suka fara rubuta kalmomi da alli a ƙasa da bango. Wani abu da ya taimaka shi ne Italiyanci yadda ake furta shi haka ake rubuta shi. Hausar boko ma kusan haka take, saɓanin Ingilishi, kuma wannan abin lura ne ga duk mai son koya wa yaro mai jinkirin fahimta karatu da harshen da bai ji a gida.

Suna, suka da gudun hijira

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1909 ta yi kwas ɗin horar da malamai na farko a Citta di Castello, ta wallafa littafin da ya bayyana tsarinta. Fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1912 ta yi kasuwa sosai a Amurka. Da ta je can a 1913, Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro wayar tarho kuma tsohon malamin kurame, yana cikin masu mara mata baya. A baje kolin San Francisco na 1915 an gina aji mai bangon gilashi, mutane na zaune suna kallon yara na aiki.

Ba kowa ya yarda da ita ba. A 1914 William Kilpatrick na Jami'ar Columbia ya rubuta ɗan littafi yana cewa tunaninta tsohon yayi ne, kuma kayanta ba sa barin yaro ya yi wasan ƙirƙira. Cikin 'yan shekaru harkar ta kusa mutuwa a Amurka, sai a ƙarshen shekarun 1950 ta farfaɗo. Ita ma tana da nata laifin. Ba ta yarda kowa ya horar da malamai da sunanta sai ita, kuma ta ɓata da almajirai da dama da suka so gyara wani abu. Littafinta na 1910 a kan nazarin jikin ɗan Adam cike yake da aune-aunen kawunan yara da maganganun fifita wani jinsi a kan wani, irin na malaman Turai na zamanin, waɗanda ba su da daɗin karantawa a yau, musamman ga ɗan Afirka.

Haka kuma ta yi kusan shekara goma tana aiki da gwamnatin Mussolini, wanda ta gana da shi a 1924 ya kuma tallafa wa makarantunta. Tafiyar ba ta ɗore ba, domin mai son yara su yi fareti cikin kaki da mai son yaro ya zaɓi aikinsa ba za su sha inuwa ɗaya ba. Ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantun, kamar yadda gwamnatin Hitler ta rufe na Jamus. Yaƙin basasar Sifaniya ya kore ta daga Barcelona a 1936, ta koma Holand.

A 1939 ta tafi Indiya ba da horo na 'yan watanni, yaƙin duniya na biyu ya rutsa da ita. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, Turawan Ingila masu mulkin Indiya suka tsare Mario a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, ita kuma aka taƙaita zirga-zirgarta. An sako mata shi ne a matsayin kyautar cikarta shekara 70. Sai 1946 suka koma Turai, bayan sun horar da malamai masu yawa a can. An gabatar da sunanta don kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1949, 1950 da 1951, ba ta samu ba.

Ta rasu ranar 6 ga Mayu, 1952 a Noordwijk da ke gaɓar tekun Holand, tana da shekara 81. Daga 1990 har zuwan kuɗin euro, hotonta ne a kan takardar lira 1,000 ta Italiya.

Sunan da kowa ke iya ɗauka

A 1967 hukumar rajistar tambari ta Amurka ta yanke cewa kalmar Montessori ta zama ta kowa, ba mai iya mallakarta. Ƙungiyar da ita da ɗanta suka kafa a 1929, mai hedikwata a Amsterdam, tana ba da shaidar horo, amma ba ta da ikon hana kowa rubuta sunan a allo. Shi ya sa za ka ga makaranta mai sunan Montessori inda yara 'yan shekara uku ke zaune a jere suna bin malama da haddar ABCD, ana ba su aikin gida, ana jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a ƙarshen zango. Wata ma jarrabawar shiga take yi don ta tace yaran da za su ja mata sakamako baya, wato ainihin yaran da mai sunan ta fara da su.

Game da ko tsarin na aiki, wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2006 ya kwatanta yaran birnin Milwaukee na Amurka da ƙuri'a ta ba su gurbi a wata makarantar Montessori ta gwamnati da waɗanda ƙuri'ar ba ta faɗa kansu ba. 'Yan shekara biyar na rukunin farko sun fi a share fagen karatu da lissafi. Yaran da aka gwada ba su da yawa, kuma makaranta ɗaya ce, don haka ba hujja ce ga duk mai ɗauke da sunan ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne bin harafi da yatsa tare da furta sautinsa, wanda har yau yana cikin dabarun da ƙwararru ke amfani da su ga yara masu wahalar karatu. Inda babu sanfefa, faranti da yashi ya wadatar.

Ita Montessori, bayan 1907, ba ta sake komawa ga masu naƙasar ƙwaƙwalwa a matsayin babban aikinta ba. Wanda ya zauna da su shi ne Giuseppe Montesano, mutumin da ta bari a 1901. Ya ci gaba da jagorancin makarantar horar da malaman, ya buɗe ajujuwa na musamman a Roma, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa fannin likitancin ƙwaƙwalwar yara a Italiya. Ya rasu a 1961.

Ajujuwan na musamman da su biyun suka yi fafutukar a buɗe sun yaɗu a faɗin ƙasar, har suka zama wurin jibge duk yaron da malami ya gaji da shi, musamman 'ya'yan talakawan da suka yi ƙaura daga kudancin Italiya zuwa biranen arewa. A 1977 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da doka mai lamba 517, wadda ta soke su, ta mayar da yaran cikin aji ɗaya da sauran 'yan uwansu, tare da ƙarin malami mai horo na musamman da zai riƙa tallafa musu.